Ɗaurin da na yi wa ƙirjin abokina

Shekarun baya, ba a daɗe da komawa mulkin farar hula ba, abokina ya faɗo daga kan acaɓa a hanyar Rurum, haƙarƙarinsa biyu suka karye. A lokacin na riga na ajiye aikin dispensa a Rano, amma ban ajiye ganin cewa na fi kowa sani ba.

A makarantar mishan an koya mana cewa haƙarƙari goma sha biyu ne a kowane gefe, kuma ƙashin da ya karye ba a barinsa ya motsa. Saboda haka na naɗe masa ƙirji da bandeji tam, layi bisa layi, babu wanda ya karkace. Ya ce, "Malam, ka matse ni." Na ce, "Haka littafi ya ce. Ka daure."

A rana ta uku zazzaɓi ya rufe shi. Numfashinsa ya koma sama-sama, tari ya ƙi fita. Ƙanin matarsa, wani mahauci daga Kibiya, ya zo dubiya. Ya daɗe yana kallon aikina, sannan ya ce, "Malam, ɗauri ya yi kyau, kamar kayan da za a ɗora wa motar Kano. Sai dai ni kullum awaza nake sara. Tsakanin kowane ƙashi da ɗan'uwansa akwai tsoka, ita ke ɗaga su huhu ya sha iska. Wa ya taɓa ɗaure zugazugi ya ce wuta ta ci?"

Na shaida masa cewa fawa daban, aikin asibiti daban.

Ya ce, "Gaskiya ne, Malam. Nawa sun riga sun mutu. Naka da sauran numfashi."

Na kwance bandejin. Abokina ya rungume matashin kai, ya yi tari mai ciwo, kaki ya fito. Washegari da muka kai shi asibiti, likita ya ce limoniya, ciwon huhu, ta fara kama shi, kuma an daɗe da barin irin wannan ɗauri. Bai tambayi wanda ya yi ba, ni ma ban faɗa ba.

Abokina ya warke. Ni kuwa na fahimci cewa ƙirji ba akwati ba ne, garkuwa ce da dole ta motsa. Har yau idan na tuna naɗin nan, ba na samun kuskure ko ɗaya a cikinsa. Layukan sun miƙe sarai, kuma saura ƙiris su kai shi kushewa.