Ka Gaya wa Abokinka

Shekara goma sha takwas ke nan da rasuwar Habibu. A makon jiya na shiga bas daga Gaya zuwa Kano, wani saurayi kusa da ni yana ta danna waya da babban yatsa. Na tambaye shi me yake yi, ya ce rajistar jarrabawar ƙanwarsa ce. Kafin mu hau gadar Wudil ya gama, ya jefa wayar a aljihu, ya jingina da taga ya kama barci. Sai na tuna da mutumin da na yi shekaru ina zama kafaɗa da kafaɗa da shi a wannan hanya, wanda irinsa ne suka fara koya wa na'ura adana sunayen mutane, kuma ban taɓa ganin ya runtsa a mota ba.

Habibu ɗan Balan ne, ni ɗan Gafasa, ƙauyuka biyu da ke kusa da Gaya. A makaranta muka haɗu. A tsakiyar shekarun saba'in ina zaune a Gaya da iyalina, ina aikin fassara da karanta labarai a gidan rediyo a Kano. Shi kuma yana wani ofishin gwamnati da ya sayo kwamfuta, yana rubuta mata umarnin da za ta bi ta tattara bayanan ma'aikata, ta adana, ta fito da su in an nema. Na'urar ta cika ɗaki guda, ɗakin sanyi ƙalau, kuma a bakin ƙofa ake tuɓe takalmi. Da fensir yake rubuta umarnin a takarda, masu buga tafireta su mayar da shi huji-huji a jikin wasu katuna, a jera katunan a akwati, a jira layi. Sau ɗaya a yini layin yake zuwa kansa. In ya ajiye waƙafi inda bai dace ba, na'urar ta watso masa aikin, sai kuma gobe.

Mu a rediyo na'ura mai ƙwaƙwalwa muke ce mata. Wannan suna bai taɓa yi wa Habibu daɗi ba.

"Garba, ku daina yi mata kirari," in ji shi. "Jakin gidanmu ya fi ta hankali. Shi in ya ga rami yana tsayawa."

Kullum da sassafe yakan taka keke daga Balan, ya jingine shi a rumfar mai shayi a tashar Gaya, mu shiga a-kori-kurar wani direba da ake kira Ɗanlami. A kan benci muke zama a baya, tsakanin buhunan gyaɗa da kaji a ɗaure. Da motar ta ɗauki hanya sai ya miƙo mini takardarsa, ya rufe ido, ya fara karanto umarnin da ka, layi bayan layi, ni kuma ina bi da yatsa. Ban san ma'anar ko ɗaya ba. Aikina shi ne in tsayar da shi in abin da ya faɗa ya saɓa da abin da ke rubuce. Haka aka saurare shi yana yaro lokacin da yake tilawa, haka kuma yake kamo kurakuransa kafin na'ura ta kama. Akwai wata tsohuwa mai sayar da man gyaɗa da muke yawan haɗuwa da ita. Ta yi kwanaki tana kallonmu, ran nan dai ta kasa haƙuri.

"Ɗan nan, wace sura ce wannan? Na tsufa ban taɓa jin ta ba."

"Iya, ta Turawa ce," in ji Ɗanlami ta tagar baya. "Ba ta da lada, sai albashi."

Ofishinsu ya ba shi ɗaki a Kano, ya bar wa wani. Abokan aikinsa suna yi masa dariya, suna cewa rabin ransa a kan titi yake ƙarewa. Bai taɓa yi musu bayani ba, amma ni na san dalili. Mahaifinsa, Malam Isyaku, shi ne ladanin unguwarsu, kuma idonsa ya tafi gaba ɗaya. Sauran salloli huɗu maƙwabta suna kai shi masallaci. Asuba ce matsalar, domin ladan yana fita ne tun kafin kowa ya motsa, kuma tsakanin gidansu da masallaci akwai wata rijiya da ba ta da katanga, bakinta daidai da ƙasa. 'Yan'uwan Habibu mata ne, duk sun yi aure a wasu garuruwa. Saboda haka kowace asuba yakan tsaya a ƙofar zaure, Malam ya fito ya ɗora hannu a kafaɗarsa, su tafi. In an idar da salla ya dawo da shi, sannan ya hau keke.

Duk wannan tafiya ba sa cewa komai, domin Habibu ɗan fari ne. Matasan yanzu sun ji labarin wannan kunya, amma kaɗan ne suka gan ta yadda take a da. Malam bai taɓa kiran sunansa ba. Ba ya hira da shi, ba ya yabonsa, ba ya tambayarsa yadda ya wuni. In Habibu ya durƙusa ya gaishe shi, amsar a taƙaice take, fuska a gefe. In akwai magana, sai a nemi wanda za a bi ta kansa. A shekarun nan ni ne wannan mutum. Duk ranar hutu da na je Balan, za mu zauna mu uku a zaure, Malam ya juyo inda yake jin muryata ya ce, "Garba, ka gaya wa abokinka damina ta kusa, rufin rumbu yana son gyara." Habibu yana zaune a nan, tsakaninsu bai fi tabarma ɗaya ba. Shi ma ni zai duba ya ce, "Ka gaya wa Malam an yanko ciyawar." Ni kuma in maimaita, kalma da kalma, yadda aka koya mana a wurin aiki: abin da aka ba ka shi za ka karanta, ba ƙari ba ragi.

Wata rana Habibu ya zo da lalatattun katuna don a riƙa hura wuta da su. Ɗaya ya faɗa hannun Malam. Ya daɗe yana shafa hujojin da yatsa, daga wannan gefe zuwa wancan.

"Garba, wannan ne rubutun da abokinka yake yi?"

Na ce shi ne, Malam.

"Ashe ita ma na'urar makauniya ce. Lalube take yi, irina." Ya yi murmushi, ya sa katin a aljihun rigarsa. Na dubi Habibu, na ga ya sunkuyar da kai yana gyara bakin tabarmar da babu abin da ya same ta.

Daga baya ofishin ya yanke shawarar sayo sabuwar na'ura, wadda za ta riƙe dukkan bayanai wuri guda, a rumbu ɗaya, a daina jigilar katuna. Aka ce za a tura mutum Ingila ya yi kwas na kusan shekara ya koyo yadda ake gina irin wannan rumbu. Habibu aka zaɓa. Ya ce a ba shi lokaci. Aka ɗaga, aka sake kiransa, shugabansu ya gaya masa a fili cewa in bai je ba wani zai je, kuma ranar da aka kwashe tsohuwar na'ura babu sauran aikin da ya iya a ɗakin nan. Habibu yana son aikin nan yadda ban taɓa ganin wani ya so aiki ba. Amma ya ce mini ya gama shawara, ba zai je ba, kuma kada in kuskura maganar ta kai kunnen Malam. Muka yi ta musu tun daga Gaya har Mariri, rannan ko takardar bai fito da ita ba. Na ce a nemi wani ya riƙa kai Malam. Ya ce an taɓa gwadawa lokacin da ya yi zazzaɓi, mutumin ya makara, Malam ya fita shi kaɗai, a bakin rijiyar aka tarar da shi a tsaye ya rasa gabas.

Na riƙe alkawari. Abin da muka manta shi ne tagar bayan Ɗanlami a buɗe take, kuma yana da suruki a Balan.

Bayan 'yan makonni Malam ya aiko in zo in kwana. Ban san dalili ba, Habibu ma bai sani ba. Da asuba muka tsaya a ƙofar zaure. Malam ya fito da sanda, abin da ba ya yi a da. Habibu ya matsa ya ba shi kafaɗa. Malam ya wuce ta gefensa kamar babu kowa. Ya bi jikin katanga da hannun hagu har ta ƙare, ya miƙe yana taɓa ƙasa da sanda. Muka bi shi a baya. Da ya doshi rijiyar Habibu ya ɗaga ƙafa zai yi gaba, na kama hannun rigarsa. Sandar ta bugi kwamin da ake shayar da dabbobi, wani tsohon kututture da aka fafe. Malam ya tsaya, ya sake bugunsa, ya karkata dama, ya bar bakin rijiyar a hagunsa, ya tafi har ƙofar masallaci. Ashe tun da labarin ya zo masa, kullum da hantsi in Habibu yana Kano, sai ya fita ya yi ta bin hanyar nan, ya je ya dawo, ya hana kowa taɓa shi. Mutanen unguwa duk sun sani, ya ce kada wanda ya faɗa.

Ya yi kiran salla. Bayan an idar, muna komawa, ya ce, "Garba, ka gaya wa abokinka ya je ya yi karatunsa."

Na faɗa. Sai da muka kusa gida Habibu ya ce, "Ka gaya wa Malam zan sa a yi wa rijiyar katanga kafin in tafi."

"Ka gaya masa kada ya taɓa mini rijiya. Da kwamin nan nake gane hanya. In ya gyara, ɓata ni zai yi."

Habibu ya tafi. Yakan aiko da wasiƙa, in je Balan in karanta wa Malam, kowacce da sunana a sama, da "ka gaya wa Malam" a ciki. Malam yakan saurara, ya tambaye ni ko can ma katuna suke hujewa, in ce a'a, sun daina. Sai ya ce to, madalla, na'urar ta warke ke nan. Da damina ta yi nisa ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Na je duba shi ana gobe zai rasu. Ya riƙe hannuna ya ba ni saƙo, na maimaita masa don in tabbatar na riƙe daidai, ya gyaɗa kai.

Ban rubuta saƙon a wasiƙa ba. Rasuwar kawai na sanar da shi. Na jira har ya dawo, na tare shi a Kano, muka shiga motar Ɗanlami. Sai da muka wuce Wudil na ce masa akwai saƙo.

"Malam ya ce: ka gaya wa Habibu na yafe masa duniya da lahira. Ka gaya masa sau ɗaya tak na yi tuntuɓe, shi ma akuyar maƙwabta ce ta kwanta a hanya."

Ya yi 'yar dariya, hawaye na zuba. Can sai dariyar ta tsaya. Ya juyo ya dube ni.

"Garba, 'abokinka' dai ya ce."

"Ka san ba na ƙari. Habibu ya ce."

Muka sauka a Gaya. Ya ɗauki kekensa, wanda mai shayi ya ajiye masa duk tsawon watannin nan, ya tura shi da hannu, bai hau ba.

Ya gina rumbun bayanan da aka tura shi ya koyo, ya kuma koyar da mutane da yawa, wasunsu har yanzu suna kirana in sun ji ana maganarsa. Aka ba shi gida a Kano, ya sake bar wa wani. Ya sayi babur, daga baya mota, amma a Balan yake kwana, domin tun daga makon da ya dawo shi ya karɓi kiran sallar asuba. Yakan kira, a yi salla, sannan ya kama hanya. Haka ya yi har ya yi ritaya, haka kuma ya ci gaba har ƙarfinsa ya ƙare.

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga saurayin nan na cikin bas. Ina jin zai ji daɗin saurin, zai kuma tambaye shi ko ya sake karanta abin da ya rubuta kafin ya tura. Ban sani ba ko zai yi murna da yadda iyaye yanzu suke kiran 'ya'yansu na fari a waya, da sunansu, su yi ta hira. Ina zaton zai yi. Shi kansa bai iya ba. Da ya haifi ɗansa na fari ya sa masa Isyaku, kuma har ya bar duniya ni yake cewa, "Garba, ka gaya wa ɗanka."

Na'urar da ya fara aiki da ita an daɗe da kwashe ta, wadda ya je Ingila dominta ma haka. Babu wanda ke amfani da ko layi ɗaya na abin da muka yi ta karantawa a bayan motar Ɗanlami. Rijiyar dai tana nan da katangarta, wadda ya gina bayan Malam ya daina buƙatar hanyar. Kwamin ya ruɓe, amma bai bari a ɗauke shi ba sai da ya zama ƙasa. Katin nan kuma da aka samu a aljihun rigar Malam, hujojinsa sun yi laushi saboda shafa, yana wurin jikansa Isyaku.

Ni na yi shekaru ina karanta saƙonnin mutane a rediyo, na manta kusan duka. Wannan guda ɗaya na riƙe, kuma na gode wa Allah da ya sa na isar da shi yadda aka ba ni. Allah ya jiƙan Malam Isyaku, ya jiƙan Habibu, ya haɗa su inda ba sa buƙatar ɗan aike.