Tsanin Malam Ba Ya Tafiya Shi Kaɗai

Duk wanda ya san maigidana a unguwar Moss Side ya san tsaninsa. Kan tsanin ne ke fara karyo kwana, sai hular ulu, sannan shi kansa Malam. Kuma duk wanda ya taɓa zuwa aro ya ji amsar nan tasa: "Tsani ba ya tafiya shi kaɗai." In kana so, to har da mai shi za ka ɗauka. Ka ba shi shayi, ka tsaya ka riƙe masa ƙafar tsanin, ka ji laifin duk wanda ya taɓa haɗa waya a gidanka tun ranar da aka gina shi.

Hadiza matar ɗana ce ke rubuta wannan. Ni ban yi boko ba, ko lambar da ke jikin ƙofa ban iya karantawa ba. An ce kowa ya kawo abin da yake tuna Malam da shi don taron addu'ar cikarsa shekara. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, in kuka ya zo mini ta jira ni, kada ta gyara mini magana. Ku yi haƙuri, da kishi zan fara, don shi na fi tara wa bawan Allahn nan.

Malam ya ƙare ƙuruciyarsa yana aikin wutar lantarki a Kano, kafin ɗanmu Likita ya ɗauko mu zuwa Manchester. Ba mu daɗe ba aka mayar da Likita aiki Birmingham, ya ce mu bi shi. Malam ya ce allambaran, an tumɓuke shi sau ɗaya, ba za a sake ba. Muka zauna mu biyu a layin nan da gidajensa suke manne da juna, jan bulo iri ɗaya, ƙofa iri ɗaya, kamar an zuba su daga kasko guda. Shekarun nan ne da duk abin da ka tambayi hukuma sai a ce gwamnati ta rage kuɗi. Fitilar titi ta kan layinmu ta mutu, aka yi ta kiran waya har aka gaji.

Ni kuwa na kama sana'ar masa. Da rana nakan hau bas in kai wa yaranmu ɗalibai, in dawo wajen ƙarfe biyar. A sanyin ƙasar nan kun sani, ƙarfe huɗu duhu ya rufa. Wata rana na dawo na zura makulli a ƙofa, ya ƙi juyawa. Ina kokawa da shi sai ƙofar ta buɗe, ga maƙwabciyarmu Madam Gloriya, 'yar Jamaika, da tsintsiya a ɗage. Ashe ƙofarta ce! Ta gane ni ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Ban gaya wa kowa ba, amma tun daga ranar na sa mata ido.

Yanzu ku ji halin Malam a cikin gidansa. Mutumin nan bina yake yana kashe fitila. In fita daga kicin in ɗauko gishiri, kafin in juyo ya kashe.

"Malam, ban gama ba fa!"

"Hajiya, bango kike haska wa? Bango ya san inda yake."

Kwan fitilar da ke saman ƙofar gida kuwa da hannunsa ya kwance ya jefa a aljihu. Na ce masa, "Ita ƙofar fa, me ta yi maka?" Ya ce, "Ɓarawo ma ya ɗan sha wahala kafin ya same mu."

To wannan mutumin, wannan dai, da zarar an mayar da agogo baya a farkon sanyi, kamar yadda ake yi a ƙasar nan, sai ya saɓa tsani ya fita ƙawata gidajen mutane da fitilun Kirsimeti. Kirsimetin ma saura wata biyu! Masu bikin ba su tuna da shi ba, Malam ya riga ya ƙwanƙwasa musu ƙofa.

Gida uku yake yi wa, kowanne da irin adonsa. Na kan kwana, daidai inda ake sauka daga bas, na wata nas ce 'yar Filifin, Mariya. Su a ƙasarsu ƙaton tauraro suke yi da tsinken gora da takarda mai launi, a sa masa wuta a ciki. Malam ya ɗaga shi can sama, ya ce tauraron da ke ƙasa ba tauraro ba ne, faifai ne. Na tsakiyar layi na wata tsohuwa ce 'yar ƙasar Ailan, Madam Birijit. Al'adarsu a kunna kyandir a taga, wai don baƙon da ke neman masauki ya ga haske. Malam ya ce baƙon da zai fara zuwa 'yan kwana-kwana ne, ya hura kyandir ɗinta ya kashe, ya haɗa mata na lantarki. Sai na ukun, jikin bangonmu, gidan mai tsintsiya.

Ita Gloriya, mijinta ya rasu, kuma ba ta wasa da Kirsimeti. Ta sauke labule ta ɗaura sabo, ta shafa wa duwatsun ƙofar gida farin fenti kamar ana jiran gwamna, Malam kuma ya zagaye mata indararo da ƙofa da fitilu ja da kore. In ya sauko ta miƙa masa kofi. Ran nan ya shigo yana lashe baki.

"Hajiya, kin san abin da mutanen Jamaika ke sha da Kirsimeti? Zoɓo! Wallahi zoɓo, da citta da kanumfari. Rabon da in sha irinsa..."

"Rabon da ka sha irinsa? Ni 'yar Kano, a zo har jikin bangona a burge mijina da zoɓo? Ka ma san abin da suke zubawa a ciki?"

"Ai na tambaya, giya suke ɗan sawa a nasu. Ta ware mini nawa daban."

"Ta ware maka naka! Lallai. Saura ta ware maka kujera."

Ya ce, "Ta ware."

Hadiza, daina dariya ki rubuta.

Abin da ya ƙara tabbatar mini da zargina shi ne wani Bature, Mista Kolin, da ke gaba da mu da gida biyu. Ya zo da ladabinsa, da kwalin fitilu a hannu, ya roƙi Malam ya ɗaura masa. Malam ya ce a'a. Mutumin ya dawo shekara ta biyu da gwangwanin biskit. Malam ya karɓi biskit, ya gode, ya ce, "Tsanina ba ya wuce ƙofarmu."

Da ya tafi na ce, "Ba ya wuce ƙofarmu, ko dai ba ya zuwa gidan da babu mace?"

"Haba Hajiya, a shekarunki?"

"A shekarunka dai, Malam. Ni ba na hawa tsani."

Har masallaci maganar ta je. Wani ɗalibi mai zafin kai ya tare shi bayan Juma'a ya ce bai dace dattijo kamarsa ya riƙa taya Kirista adon bikinsu ba. Waɗanda ke wurin suna nan, sai su faɗa in ƙarya nake. Malam ya dube shi ya ce, "Yaro, tun ba a haife ka ba nake haɗa wuta a Sabon Gari. Ban taɓa ganin wayar da ta yi alwala ba, ban kuma ga wadda ta je coci ba. Ni sallolina biyar nake yi. Amma in tsohuwar nan ta hau kujera ta faɗo ta karye, kai za a tambaya haƙƙin maƙwabci ko ni?" Ni kuwa da labarin ya iso ni na ce a raina, da ka zo wurina, ɗan nan, da na ba ka hujjar da ta fi taka.

Saukewa kuma wani yaƙin ne. Su Madam Birijit sun yarda cewa in ado ya wuce shida ga Janairu a jikin gida, rashin sa'a ne. Ranar bakwai za ta dogaro sandarta ta zo.

"Mista, ka zo ka cire mini abin nan."

"Madam, tsani yana hutu."

"Tsani yana hutu? Masifa za ta same ni!"

"Bara ma haka kika ce, ga ki nan da ranki kina yi mini faɗa."

Sai ƙarshen Fabrairu, lokacin da rana ta fara daɗewa, sannan tsani ya gama hutunsa.

Ni fa duk wannan ina haɗiyewa. In na sauko daga bas in ga tauraron nas, in yi tsaki. In wuce kyandir, in yi tsaki. In iso gidan mai zoɓo yana walƙiya kamar motar amarya, in ja dogon tsaki, in shige gidanmu da ke zaune baƙi ƙirin. Shekara biyar ina wannan.

Sau ɗaya tak na roƙe shi. Na ce, "Malam, ba don Kirsimeti ba. Igiyar fitilu ɗaya, 'yar ƙarama, ka zagaye mini tagar nan. Ni ma in dawo in ga an kunna wani abu domina." Allah ya sani ba wasa nake ba. Ya murza tasbaharsa, sannan ya ce, "Gidan nan haka zai zauna."

Ranar na tuƙa tuwo na kai na ajiye a gindin tsanin, na ce masa ga abincinsa can, ya kira wadda yake haska wa gida ta yi masa miya. Ya ɗauko kwanon ya zauna ya cinye shi gaya. Wannan tuwon shi ne har yau yake tsaya mini a wuya.

Cikin azumi ya rasu, kwana uku kawai ya yi a kwance. Na yi takabata a gidan, sannan Likita ya kawo ni nan Erdington, unguwarsa a Birmingham. Da sanyi ya shigo, wata rana na fita sayen attarugu a babban titi, na juyo duhu ya yi. Layinsu Likita ma gidajen iri ɗaya ne, ga fitilun Kirsimeti ko'ina, wannan gida da wuta, wancan babu, na gaba da siffar barewa, na can da ta dattijon nan nasu mai jar riga. Na kai ƙarshen layi na dawo. Na sake kaiwa na dawo. Daga ƙarshe na zauna a kan katangar wasu mutane da ledata a cinya ina kuka kamar yarinya, har Hadiza ta fito nema ta same ni. A raina ina ta mamaki, ni da shekara biyar ban ɓata ba a Manchester.

Sati biyu bayan haka muka koma Moss Side kwashe sauran kaya. Gloriya ta shigo, ta ga tsanin a jingine a soro, ta dafa shi ta fara hawaye. Na ce wa Hadiza da Hausa, "Kin gani ko? Har gidana." Sai matar ta fara magana, Hadiza na fassara mini.

Ashe ranar da na zura makulli a ƙofarta, ita ta ba Malam labari, tana ganin abin dariya ne. Bai yi dariya ba. Washegari ya bi su ukun gida-gida. Ya ce musu, "Matata ba ta karanta lamba, idonta kuma ba ya son duhu, kuma ko za ta kwana a titi ba za ta ce ta ɓata ba. Ku ara mini bangonku. Tauraro a kan kwana ta san layinta ne, kyandir ta san ta yi rabi, naki kuma na ƙarshe. Gidan da ke bin naki, mai duhu, shi ne nata." Shi ya sa bai haska gaba da mu ba. Shi ya sa ya hana ni igiyata, don kada ƙofar tamu ta saje da ta kowa. Kuma ya sa suka yi masa alkawari ba za su faɗa mini ba, wai na fi son a ce mijina marowaci ne da a ce ni na ɓata.

Kuma gaskiya ya faɗa. Wayyo Malam. Shekara biyar ina bin hanyar da ya shimfiɗa mini ina yi mata tsaki.

Na rungumi Gloriya, na nemi gafararta. Ta kawo mini zoɓon nan, irin wanda take ware wa Malam, na sha. Citta ta yi masa yawa, ki rubuta wannan ma. Da za mu tafi ta tambaya ko za a bar mata tsanin don tunawa. Na ce Hadiza ta faɗa mata da Turanci mai kyau: tsani ba ya tafiya shi kaɗai. Aka ɗaure shi a saman mota har Birmingham.

Yana nan jingine a gaban gidan Likita, na sa an ɗaure shi da sarƙa a jikin shinge. Likita ya ce maƙwabta za su yi magana. Na ce su yi. Duk layin nan gida ɗaya ne mai tsani a ƙofa, kuma tun da aka jingina shi ban sake wuce ƙofata ba.

Ya Allah, ga bawanka nan da ya zauna cikin duhu don in ga hanya. Ka haskaka masa kabarinsa, kada ka rage masa ko kwan fitila ɗaya. Ka yafe masa, ka yafe mini tuwon nan. In lokacina ya yi, ka sa in gane ƙofarsa. Amin.