Takardar I'isari ta Biyu

Karon farko da alƙali ya ba ni takardar i'isari, wato shaidar cewa ba ni da abin biyan bashi, na yi kuka a farfajiyar kotu. Motocina biyu na jigilar alhazai daga unguwar Kudai a nan Makka sun riga sun salwanta a shekarar annoba, lokacin da Harami ya zama wayam. Masu bi na bashi suka ɗaga mini ƙafa. Amma takardar ba ta shafi gidanmu ba, don yana jingine a banki, kuma wata bakwai ban biya kason wata ba.

Na samu aikin tuƙi a wani otal a unguwar Jarwal, rabin albashin yana tafiya banki. Bayan shekara biyu otal ɗin ya canza hannu, aka sallame mu. Na riƙa cin bashi wurin mutane ina toshe na banki, har mutanen suka gaji suka kai ni ƙara.

Karo na biyu ban yi kuka ba. Na zauna a falo bayan la'asar na cike buƙatar neman i'isarin a waya. Na san kowane gurbi, ban ma tsaya karantawa ba.

Washegari na je banki. Ma'aikacin da aka tura ni wurinsa tare muka tashi a unguwar Mansur. Ya yi mini bayani da Larabci har ya gama, sannan ya rage murya ya koma Hausa.

"Ɗan'uwa, hanya biyu ce. Ko mu shimfiɗa maka bashin zuwa shekara ashirin, ko ka sayar da gidan da kanka kafin a yi gwanjonsa."

"Shekarata hamsin da huɗu," na ce.

"Na sani. Ai ajinmu ɗaya."

Ya miƙo mini shayi. Na shanye, ban ji ko da sukari a ciki ba.

Na tarar da matata a kicin tana yanka albasa.

"Maigida, me suka ce?"

"Sayarwa za mu yi."

Ta ɗan tsaya. "To. Murhun nan namu ne, ko da shi za a sayar?"

"Namu ne."

Ta ci gaba da yankanta.

Wanda ya saya ya zo da abin awo, yana auna bangon ɗakinmu muna tsaye. Ni na riƙe masa bakin igiyar. Banki ya cire nasa, ɗan ragowar aka raba wa sauran masu bi na bashi, bai kai ko'ina ba. Muka kama hayar ɗaki biyu a bayan tashar motoci.

Ta waya aka yi zaman kotun. Na sa farar riga, na jingina wayar da kwalin da ba mu kwance ba tukuna. Alƙali ya tambaye ni ko na mallaki wani abu. Na ce a'a. Ya sa na rantse, na rantse. Da allon ya mutu na zauna ina kallon fuskata a ciki, har matata ta leƙo ta ce gas ya ƙare. Na saɓi tukunyar na sauka.