Tjalling Mai Tattabaru

Tun yana saurayi Tjalling Wiersma yake walda a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ta garinsu Harlingen, har ƙarfinsa ya ƙare. Abu biyu ya fita da su: fansho da tari. Da aka bincika tarin, ciwon daji ne. Aka cire huhunsa na dama, ya dawo gida ya ci gaba da kiwon tattabarunsa na tsere a bayan gida.

Bayan shekaru kaɗan wani ƙari ya fito a huhun da ya rage. Likita ta ce wuƙa ba za ta sake taɓa shi ba, jikinsa ba zai ɗauka ba. Sai dai a soka siririyar allura ta tsakanin haƙarƙari, mutum-mutumin ƙarfe ya saita ta daidai kan ƙarin, a daskarar da shi da sanyi har ya mutu.

"Wato kifi kuka mayar da ni," in ji Tjalling.

"Kifi ba ya da surutu irin naka," matarsa Aukje ta ce. "Yi shiru ka ji magana."

Likitar ta ƙara da cewa ƙurar tattabaru guba ce ga mai huhu ɗaya. Ya yi gardama, ya yi zagi, daga ƙarshe ya zuba su a kwanduna ya kai wa ƙaninsa a ƙauye.

Aka yi aikin, ya yi kyau. Washegari aka sallame shi, ramin allurar bai kai ƙwayar gero ba. Aukje ta sayo kek ta kira maƙwabta. Duk bazarar nan yana hawa keke zuwa bakin teku, yana tsayawa ya huta a hanya.

Da kaka ta shigo aka sake ɗaukar hoton jikinsa a asibiti. Wurin da aka daskarar ya mutu murus, amma ciwon ya ɓulla a hanta da ƙashin baya.

"Ku kira ƙarfen naku ya sake mana," ya ce.

Likitar ta girgiza kai. "Sun yi yawa, Mista Wiersma. Allura ba za ta bi su duka ba."

A mota Aukje ta kasa tayar da inji. Ya dube ta ya ce, "Kuka kuma, tsohuwa? Mu je, miya na jira."

Daga makon nan matakalar bene ta gagare shi. Surukinsa, mijin 'yarsa, ya sauko da gadonsa zuwa falo, kusa da taga. A nan ya rasu kafin Kirsimeti.