Ƙwai Shida da Malam Ya Baro a Borno

A shekarun da mutane ke ta kwararowa Gombe daga Borno, mahaifiyata ta ba wani dattijo da matarsa ɗakin da ke kusa da zaurenmu a Bagadaza. Malamin kimiyya ne a makarantar sakandare kafin rikici ya kore su. Ni kuwa lokacin ina zaman gida, ina ɗinkin hula.

Bayan la'asar yakan shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya yana zane a ƙasa da tsinke. Na ɗauka duba yake yi. Da na tambaye shi sai ya yi dariya, ya ce macizai yake lissafi.

Ashe a can garinsu yana kiwon ƙananan mesa guda biyu a cikin wani akwati a bayan gidansa, irin waɗanda ke naɗewa kamar gammo idan sun ji tsoro. Macen ta kwanta a kan ƙwai shida a makon da shi da matarsa suka gudu. Bai iya ɗaukar komai ba, sai dai ya buɗe murfin akwatin ya bar shi haka.

Ya ce iyayen duka masu duhu ne da zanen ruwan ƙasa, amma kowannensu zabiya ce ta haife shi, don haka farin yana ɓoye a jininsu. Ya zana gida huɗu. Uku za su ɗauko duhun iyaye, ɗaya zai fito fari da ɗigon rawaya, idonsa ja.

Na ce to a cikin shida ai ɗaya tabbas ne.

"Babu tabbas, 'yata," in ji shi. "Kowane ƙwai da nasa rabon. Za su iya fitowa duka masu duhu."

Daga nan na shiga lissafin ni ma. Ina ɗinki yana kwatanta mini launi, ni kuma ina zaro zare ina nuna masa. Yakan ce a'a, ya fi wannan haske, kamar man shanu da aka narke. Wani lokaci jiniyar motocin sojoji na wucewa can bakin titi, ni kuwa ina ganin farin abin yana sulalewa cikin ciyawar garin da ban taɓa zuwa ba.

Bayan damina biyu wani maƙwabcinsu ya samu ya leƙa garin, ya bugo waya. Rufin gidan ya rufta. A cikin akwatin ya tarar da busassun ɓawon ƙwai, biyar a tsage, ɗaya a shanye bai fashe ba.

Malam ya daɗe riƙe da wayar bayan an kashe. Matarsa ta tambaye shi ko ɗakinta na nan, sai ya tuna bai tambaya ba. Ta harare shi, ta karɓi wayar ta sake bugawa da kanta.