Farar ƙasar Nan Eulalia

Shekara hamsin da takwas Nan Eulalia Tzoc ta yi tana gani, sannan ciwon suga ya rufe mata ido a cikin damina biyu. A garinmu na kan dutse, sama da birnin Totonicapán, inda ake ce wa dattijuwa Nan, dattijo kuma Tat, da wuya a sami wanda bai taɓa cin gurasar masararta ba. Da ita ta ciyar da 'ya'ya uku bayan rasuwar mijinta. Biyu sun tsallaka arewa neman aiki, saura Bartolo, wanda yake tuƙa motar kaya a babban birni.

Da idon ya tafi, Bartolo ya zo ya kwashe wuƙaƙe da ashana ya kai maƙwabta, ya roƙe su su riƙa miƙo mata abinci. Ya ce bayan girbi zai dawo ya tafi da ita, a sayar da gidan da 'yar gonar. Ta san ɗakin da zai kai ta a birni. Hawa na uku ne, taga ɗaya, babu murhu, babu kaji.

Wata mata daga coci ce ta ja ta zuwa ajin da ake yi bayan kasuwa ranar Talata da Juma'a. Duk manya ne a ciki, makafi da guragu da wani dattijo da ɓarin jikinsa ya shanye. Malaminsu, Tat Cirilo, da makanta aka haife shi, kuma bakinsa ba ya hutawa.

"Nan, me kika iya?" ya tambaye ta ranar farko.

"Da dai na iya komai. Yanzu zama na iya."

"Zama kuma? Kabewar gonata ma ta fi ki iya wannan. Miƙo hannu."

Ya koya mata sanda, da zuba ruwan zafi ba tare da ya malale ba, da kunna wuta da dogon tsinken ice. Tafa gurasa kam hannunta bai manta ba. Inda aka sami cikas shi ne wajen dafa masarar. Da farar ƙasa ake dafa ta, don ɓawon ya saki. Tun tana yarinya ba ta taɓa aunawa ba, barbaɗawa take yi har ƙwayar ta yi wani launin rawaya da ta sani. In ta yi kaɗan, ƙullin ya riƙa wargajewa. In ta yi yawa, sai ɗaci da zafin harshe.

Tat Cirilo bai taɓa dafa masara ba, amma ya ce abu mai sauƙi ne, a auna da murfin kwalba. Sau biyu abin ya yi daidai. Da farar ƙasarta ta ƙare, ta sayo wata wajen wani mutum dabam, ashe tasa ta fi ƙarfi. Ta dafa, ta kai niƙa, ta gasa kwando guda. Gutsure ɗaya ta yi ta tofar. Kaji ma suka ƙi. Ranar ta zauna bakin murhu har ya huce, tana jin ana ta maganar girbi a hanya.

Da ta ba da labari a aji, Nan Petrona ce ta yi magana, wata tsohuwa da take kan keken guragu amma idonta garau.

"Namiji da murfin kwalba! Ke, tura ni gidanki."

Haka suka yi mako shida. Eulalia ta tura keken, Petrona ta riƙa faɗin inda rami yake. A gida Eulalia ta barbaɗa farar ƙasa, ta tsoma ɗan yatsa ta ɗanɗana ruwan, ita kuma Petrona ta leƙa tukunyar.

"Ya yi?"

"Saura kaɗan. Rowa kike yi wa wa?"

"Yanzu fa?"

"Tsaya nan. Riƙe wannan a harshenki, shi ne rawayar."

Sannu a hankali harshen ya koyi abin da ido ya sani. A mako na ƙarshe Eulalia ce take faɗi tun kafin Petrona ta buɗe baki.

Bartolo ya iso da hantsi, da motarsa da buhunan da za a zuba kayanta. Hayaƙi ya fara gani. Ya shigo da gudu.

"Inna! Wa ya ba ki ashana?"

"Saye na yi. Zauna, kana tare wa wuta iska."

Ya zauna. Ya ga yatsunta suna juya gurasa a kan kasko mai zafi, kowace ta kumbura ta sauka. Sau biyu ya miƙa hannu zai tare ta, ya janye. Ta ba shi uku da wake da gishiri, ya cinye.

"In kika ƙone fa, Inna? Ba kowa a gidan."

"In na ƙone a nan, kafin rana ta take tsaka Petrona ta ji, rabin gari ya ji. In na faɗi a benenka kana kan hanya, kwana nawa zan yi a kwance?"

Bai ce ya yarda ba. Da la'asar ya loda rabin masarar gonar ya tafi shi kaɗai. Kowane girbi yakan dawo da maganar, kowane girbi ya koma ba da ita ba. A shekara ta shida, tun damina ba ta fita ba aka aika masa, ya zo ya ɗauki gawarta daga ɗakinta zuwa maƙabartar kan tudu.