Saniyar da Na Yi wa Allura a Bayan Burumburum

Jama'a salamu alaikum. Abin nan da zan ba ku ba ji na yi a bakin wani ba, ni ya faru da ni, da rana tsaka, ina cikin hankalina, kuma wallahi tallahi ban ƙara masa gishiri ba. Shekaru sun ɗan ja, amma har yau in na tuna sai na ji tsikar jikina ta tashi.

Lokacin ina karatun lafiyar dabbobi ne, aka zo matakin da ake tura ɗalibai koyon aiki, abin da muke ce wa IT, ni kuma sai sunana ya fito a Tudun Wada, can kudancin Kano, garin da ban taɓa takawa ba, ban kuma san kowa a cikinsa ba. Ni mutumin Azare ne, ban taɓa nisa da gida haka ba. Na sauka a Kwanar Dangora da 'yar jakata ana yayyafi, na canja mota, na isa garin jikina duk ya jiƙe. Da taimakon wani direba na samu ɗaki a soron wani dattijo manomi, Baba Isiyaku, mutumin kirki amma marar yawan magana.

Ba zan ɓoye muku ba, farkon zamana na sha wuya. Damina ce ta yi nisa, ruwa kusan kullum, ɗakin da danshi, katifata har wari take yi. Abokan karatuna da aka tura cikin birnin Kano suna ta turo hotuna sanye da fararen riguna, ni kuwa sai na fita bakin titi nake samun sabis ɗin waya. Ka idar da sallah a masallaci, a gaisa da kai cikin mutunci, sannan kowa ya koma hirarsa ta taki da masara, kai kana gefe kamar kujera. A wurin aiki kuma mai gidana, Malam Habu, bai yarda in taɓa allura ba. Nawa dai wanke sirinji, shara, da riƙon jaka in za mu shiga ruga. Makiyaya in sun zo ba su same shi ba, sai su dube ni su ce, "Yaro, ina likita?" su juya. Kai, abin yana ci mini rai ƙwarai. Har na fara tunanin in tattara in koma gida, ko da kuwa zan maimaita shekara.

To ana nan, wata rana aka yi wa Malam Habu rasuwa a Kiru, ya bi motar 'yan uwansa, ya bar mini makullin ofis da na babur ɗinsa, ya ce in wani abu ƙarami ya taso in duba, in babba ne in ce a jira shi. Na yi sallar azahar na dawo na zauna, rana ta buɗe bayan ruwan safe, gari ya yi tsit, sai kawai na ji sallama a bakin ƙofa. Ban ji takun kowa ba, sallamar kawai na ji.

Wani Bafulatani ne dogo, siriri, ba tsoho ba ba yaro ba, da malafa da sanda a kafaɗa. Rigarsa fara fes, abin da ya ɗan ba ni mamaki ke nan, don duk wanda ya fito daga daji a wannan lokacin sai ka ga taɓo har gwiwa. Na ce masa likita ba ya nan. Ya dube ni ya ce, "Ai wurinka na zo, likita. Nagge ce ta kwanta, saniya, ta ƙi tashi."

Jama'a, tunda na zo garin nan ba wanda ya taɓa ce mini likita sai shi. Wallahi wani daɗi na ji har cikin raina. Na tambaye shi alamun ciwon, ya ce ta rame, idonta na hawaye, gashinta ya tashi, ba ta cin ciyawa. Na ce a raina wannan sammore ne, ciwon da ƙudan tsando ke sa wa shanu, kuma na san maganinsa, na ga yadda Malam Habu yake yi. Na tambaye shi ina ne, ya ce bayan Burumburum kaɗan, ba nisa. Na ɗauki jaka na rufe ofis.

Da ya hau bayana a babur, ban ji babur ɗin ya nutsa ba. Duk wanda ya taɓa goyon mutum ya san yadda ake jin nauyi, to ni ban ji komai ba, har sai da na waiga na ga ko ya hau, na gan shi zaune daram. Na ce a raina ai siriri ne. Muka kama hanya, ba ya magana sai dai ya miƙo sanda ta gefen kunnena ya nuna inda zan bi. Muka bar titi, muka shiga wani burtali tsakanin gonakin masara da ta fi mutum tsawo, muka yi ta tafiya har hanyar ta ƙare a gindin wata kaɗanya. Nan na kafe babur, muka taka da ƙafa cikin laka, muka tsallake wani ɗan rafi, muka hau tudu.

Sai ga ruga. Bukkoki a jere tsaf, ga shanu farare masu yawa a tsaye. A lokacin ban tsaya na yi tunani ba, sai daga baya abubuwan suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Da farko dai, wane makiyayi ne zai bar garke a gida da rana tsaka cikin damina? Sannan babu ƙuda. Ruga a damina fa, amma ko ƙuda ɗaya, babu warin kashin shanu, babu kare, babu kukan maraƙi. Shanun ko jela ba sa kaɗawa, dukkansu sun juyo suna kallona. Akwai mata a bakin bukkoki, na yi musu sannu, suka amsa a tare ba tare da ko ɗaya ta ɗago kai ba.

Mutumin ya kai ni wurin saniyar, ja ce ita kaɗai a cikinsu, tana kwance. Na dafa wuyanta na ji shi sanyi ƙalau, da tauri kamar na dafa bango.  Na haɗa magani, na ja a sirinji, na ce bismillahi da ƙarfi. To ku ji abin da ya fi daure mini kai har yau: mutumin nan shi ma sai ya ce bismillahi, a nutse, kamar kowane Musulmi. Hakan ne ya kwantar mini da hankali. Na caka allura, saniyar ko motsi ba ta yi ba, na tura magani ya shige, amma da na zo zarewa sai allurar ta ƙi fita, ta cije. Na ja, na murɗa, sirinjin ya fito ya bar ta a jiki. Na ce masa bari in ciro, ya ce, "Bar ta, likita, za ta fita da kanta."

Kafin in rufe jaka wata tsohuwa ta miƙo mini ƙwarya da kindirmo, kanta a sunkuye. Na ce alhamdu lillahi na ƙoshi, mutumin ya ce, "Haba likita, ba a zuwa gidanmu a fita haka." Kunya ta kama ni, na kurɓa. Sanyinsa har cikin haƙorana, kamar daga firji aka ciro shi, kuma ban taɓa shan nono mai daɗinsa ba. Ya rako ni har bakin rafi, ya tsaya, ya ce, "Mu ba mu da likita a nan. Da za ka zauna da mu, da ba ka ƙara zama kai kaɗai ba." Na yi dariya na ce ai karatu nake yi. Shi bai yi dariya ba. Da na tsallake na waiwayo don in ɗaga masa hannu, ban gan shi ba, na ɗauka ciyawa ce ta kare shi.

Washegari Malam Habu ya dawo, na ba shi labari ina ta washe baki, ina jiran yabo. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Wace ruga ce bayan kaɗanyar? Shekara da shekaru ina yawon dajin nan, ban san ruga a wurin ba." Na rantse masa. Ya ce to mu je ya duba saniyar, tunda na bar allura a jikinta.

Muka je. Ga sawun tayar babur a gindin kaɗanya, ga inda na kafe shi. Ga sawun takalmina a cikin laka, zuwa da dawowa, ɓaro-ɓaro. Amma nawa ne kaɗai. Babu sawun mutum na biyu, babu na saniya ko ɗaya. Muka tsallake rafin muka hau tudun, wallahi jama'a babu komai sai ciyawa har ƙugu, ba bukka, ba toka, ba turke. Na riƙa zagayawa kamar mahaukaci ina cewa nan ne, wallahi nan ne. Sai Malam Habu ya kira ni da wata irin murya, ya ce in zo. Yana tsaye gaban wani jan suri, irin gidan garar nan babba. Ga kwalbar maganina a ƙasa babu komai a ciki, ga audugar da na yar, ga kuma allurata a cake a jikin surin har gindinta.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na durƙushe a wurin. Malam Habu ya kama hannuna ya ce, "Tashi, kada ka waiwaya, kada ka taɓa komai." Yana ta karanta ayatul kursiyyu har muka isa babur.

Da muka koma gida ya gaya wa Baba Isiyaku. Dattijon nan ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka ci wani abu nasu?" Na ce na kurɓi nono. Ya runtse ido ya ce, "La haula wa la ƙuwwata illa billah." 

A ranar zazzaɓi ya rufe ni. An kai ni asibiti, aka ce maleriya ce, aka yi mini allurai, kuma ban musa ba, don sauro kam na sha shi. Amma maleriya ba ta sa duk abin da ka kai baki ya zama ɗanɗanon kindirmo. Tuwo kindirmo, shayi kindirmo, ruwan randa ma haka. Kuma da zarar an yi azahar gari ya yi shiru, sai in ji wani irin marmarin wurin nan ya taso mini, ba tsoro ba fa, marmari, kamar yadda mutum ke kewar gidansu. Wata rana ban san lokacin da na tashi ba, sai ji na yi an riƙe mini riga, ashe har na kai bakin titi ba takalmi, na fuskanci hanyar Burumburum. Baba Isiyaku ne ya biyo ni da gudu, da tsufansa, yana haki. Ya ce, "Ina za ka?" Na ce, "Suna jirana." Wallahi na ji bakina ya faɗa, amma ban san dalilin da ya sa na faɗa ba.

Daga ranar ya ɗauke ni daga soro ya mayar da ni cikin gida, ɗakin da ke kusa da nasa. Matarsa, Inna Hajara, ta riƙa dama mini kunu tana zama a kaina sai na shanye. Limamin unguwa yana zuwa ya yi mini tofi, mutanen masallacin nan da nake ganin ba su damu da ni ba suka riƙa shigowa layi-layi, wannan ya kawo rake, wancan ya kawo gasasshiyar masara, in azahar ta yi kuma sai wani ya zauna a bakin ƙofa yana ja na da hira har la'asar, don kada in fita. Malam Habu ya je ya samo wani Arɗo, shugaban Fulanin yankin, da suka saba, tsoho sosai, ya zo ya duba ni. Na kwatanta masa mutumin da wurin. Ya ce su dai sun taso sun tarar iyayensu ba sa sauka a tudun nan, shanunsu ma in an kora su can sai su tirje. Na ce, "Baba Arɗo, su wane ne?" Ya ce, "Allah ne ya sani, ɗana. Daji ba namu ba ne mu kaɗai."

A hankali na samu sauƙi, ɗanɗanon abinci ya dawo. Mahaifina ya ce in dawo gida, amma na ce zan ƙarasa, don zuwa lokacin na zama ɗan gida a wurin mutanen nan. Malam Habu ya fara ba ni allura ina yi a gabansa, sai dai bai ƙara barina na shiga daji ni kaɗai ba, ni ma ban nema ba.

Ranar da na gama, na yi sallama da kowa, Inna Hajara har da hawayenta, na hau mota zuwa Kwanar Dangora. Ina tsaye a tasha da hantsi ina jiran motar Kano ta cika, mutane cunkus, masu talla na ta kai da kawowa, sai wata mai tallan nono ta tsaya a gefena. Ban taɓa ganinta ba. Ba ta yi mini talla ba, ba ta kuma dube ni ba, kanta a sunkuye ta ce, "Likita, an ce a gaya maka ta tashi, an gode. An ware maka karsana. Duk ranar da ka shirya ka zo, ka san hanya."

Kafin in haɗiye yawu ta shige cikin mutane. Na tambayi kwandastan da ke kusa da ni ko ya ga inda mai nonon nan ta bi, ya ce, "Wacce? Ai masu nono ba su iso ba tukuna."

Ban ƙara taka ƙasar Tudun Wada ba. Da Baba Isiyaku ya rasu, ta waya na yi wa iyalinsa ta'aziyya, Allah ya ji ƙansa, ya san dalilina. Ban san su wane ne ba, ban san me na yi wa allura ba, kuma na daina neman sani.

Shawarata gare ku, musamman ɗaliban da ake turawa garin da ba su san kowa ba: ku riƙe azkar na safe da yamma, ku shiga cikin mutanen gari ko da kuna ganin ba su kula ku ba, kada kaɗaici ya sa ku bi duk wanda ya fara yi muku magana mai daɗi. In baƙo ya zo ya ce ku bi shi wani wuri, ku gaya wa wani babba kafin ku tafi. Allah ya tsare mu da abin da muke gani da wanda ba ma gani. Ni dai abin da ya fi tsorata ni shi ne gaskiyar matar nan: har yau, in na rufe ido, na san hanyar.